A Fara Ƙirgawa Kafin A Ba Da Suna

Akwai wata kalma da masu koyon aikin malanta su kan tarar cikin littattafan ilmin halittu, watau heteromeras. Daga harshen Girka ta fito, kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya ma'anarta "daban", ɗaya kuwa "sashe". Ana faɗinta ga halittar da yawan sassanta bai zo daidai da juna ba. Abin da ya dame mu shi ne, yaro ya kan haddace ta sarai, amma in aka ce ya nuna abin a gona sai ya yi tsuru-tsuru.

Alhali kuwa abin yana bakin ƙofarsa. A dubi hangara, wadda ta ke ɓarna ga gero sa'ad da ya ke fure. Ƙafafunta shida ne, ƙarshen kowace kuma, inda ta ke takawa, yana da 'yan gaɓoɓi: biyar a ƙafafun gaba, biyar a na tsakiya, huɗu kaɗai a na baya. Haka jan ƙwaron nan da ya ke shiga garin alkama. Bisa wannan ƙirga ne wani masani Bafaranshe, Latreille, wanda ya rasu a 1833, ya sa su rukuni guda. Masana sun sake tsarin daga baya, amma har yanzu 5-5-4 alama ce ta gane danginsu. Furen taba ma, wanda mata ke goga wa haƙora, leɓɓansa biyar, tsinkayen da ke ɗauke da garin barbara biyar, amma ɗakunan iri biyu ne rak.

Mu dai a ganinmu, malami ya fara sa yara su ƙirga da kansu. Sa'an nan ya ce da su, wannan shi ne "mai saɓanin sassa". Waɗansu za su ce ai mai jarrabawa baƙuwar kalmar ya ke nema. Gaskiya ne, ba mu ce a yar da ita ba. A koyar da ita daga ƙarshe, bayan ido ya gani.

Muna roƙon masu riƙe da kuɗin makarantu su sayo gilashin ƙara girma, ko da biyar ne ga kowane aji, gama gaɓoɓin nan ƙanana ne ƙwarai. Malami kuma ya hana yara kama hangara da hannu, don ruwan jikinta yana sa bororo.