Keke Da Hanyar Burji A Dei-Dei

A Italiya da Faransa, hawan keke kan hanyar tsakuwa a gindin duwatsun Alps wasa ne na shaƙatawa. A Dei-Dei kuwa neman abinci ne. Tun kafin a tsai da Abuja babban birni cikin 1976, manoman Gwari ke bin turbobin kwarin kogin Usuma suna kai doya kasuwa. Yau katangun sababbin gidaje suna cinye turbobin nan ɗaya bayan ɗaya, har tilas ta sa mai keke hawa babban titin Kubwa zuwa Zuba, inda manyan motoci ba sa raga wa kowa. Ya kamata Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya ta riƙa keɓe wa mai keke hanyarsa tun ba a aza tubali ba.