Kafin ka shimfiɗa katako a saman bene, tambayi abin da ke ƙarƙashinsa

1/ Wani yayi ya shigo Funtua da Malumfashi, har ya fara leƙowa Tsiga: mutum ya sayar da masara, ya ɗaga bene, ya ce shi ba tayil zai sa ba, daɓen katako yake so irin na TikTok. Kuɗinka ne, ba mu hana ka ba. Amma akwai abin da ake cinyewa a ƙarƙashin katakon, kuma na ƙasa ne ke biya. 🧵

2/ Katakon nan falle-falle ne aka manne, aka ɗora siririn itace mai kyau a sama. Yawanci ba a buga masa ƙusa, saƙala shi ake yi da juna ya zauna a kan wata shimfiɗa mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Ita ce wadda ɗan kwangila zai ce maka "Alhaji, ba dole ba ce." Wallahi dole ce.

3/ In babu ita, tsakanin katako da dekin sai ya zama ganga. Kai a sama ba ka jin komai. Na ƙasa kuwa duk takun takalmi, duk jan kujera, duk cokalin da ya faɗi, a tsakiyar kansa yake sauka. Ga mai jego tana lallashin jariri, ga yaro yana karatun JAMB, ga ka kana zarya ƙarfe 1 na dare kana waya.

4/ Kuma in ya yi magana a ce ya cika ƙorafi. Haba jama'a. Haya yake biya fa, kamar kowa.

5/ Wani kuma zai ce ai ya sa. Me ya sa? Farin soson nan da ake naɗe talabijin da shi a kwali. Ba a jimawa ya lotse ya koma kamar takarda. Masu dabara sai su ninka shi biyu don ya yi laushi, to nan ne ma aka kashe aikin: in ƙasa ta yi lumtsuma, duk inda ka taka sai gaɓar katakon ta lanƙwasa, har bakin saƙalar ya karye.

6/ Abin da ake nema mai nauyi ne, ba mai kauri ba. Roba mai tauri, ko kok, ɓawon itacen da kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. Matsa shi da yatsu biyu a shago. In ya haɗe nan take, ajiye musu kayansu.

7/ Sai danshi. Dekin yana ɗaukar watanni kafin ya bushe har ciki, ko da samansa ya yi fari fat. Yanki leda, ka manne ta da salatif a kan simintin, ka bar ta kwana 2. In ka ga gumi a ƙarƙashi, dakata. In ya bushe ma, a fara shimfiɗa leda mai kauri kafin robar.

8/ Kar ku manta inda muke. A Agusta iska jiƙe take sharkaf, katako ya kumbura. A hunturun Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ya tsuke. Shi ya sa ake barin tazarar kamar milimita 10 a jikin bango ko'ina. Kafintan da ya matse shi gam "don ya yi kyau" zai bar maka tudu a tsakiyar falo da damina.

9/ Abin dariyar, kakanninmu mata sun fi mu sanin wannan. Daɓe kwanaki suke yi suna buga tsakuwa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba, kafin a shimfiɗa ko tabarma.

10/ Saboda haka in za ka ba da aiki, a rubuta shimfiɗar daban a lissafi: irinta, kaurinta, kuɗinta. Ka tsaya a kwance naɗin a gabanka. In kuɗin bai kai ba, sa tayil ɗinka ka ɗora kafet mai kauri, na ƙasa ya samu barci.