Sunan Uba Yana Buɗe Ƙofa, Amma Ba Ya Sayar Da Kaya

Batun wannan makon ɗana ne ya jawo shi. Na tarar da shi a shago yana kallon ƙwallon Amurka a waya, irin wadda ake runguma a ruga da ita, kowa da hular kwano. Na ce, "Kai, wannan ƙwallo ce ko kokawa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, zauna ka ji labarin Deion Sanders."

An haifi Sanders a 1967 a garin Fort Myers na jihar Florida. Mahaifiyarsa aikin shara da goge-goge take yi a asibiti. A 1989 ƙungiyar Atlanta Falcons ta ɗauke shi, daga baya ya ci kofin Super Bowl sau biyu a jere, da San Francisco 49ers sannan da Dallas Cowboys.

Bayan ya yi ritaya sai ya koma koyarwa. A 2020 ya zama kocin Jami'ar Jackson State, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙar fata, a jihar Mississippi. A Disambar 2022 ya koma Jami'ar Colorado, wadda a kakar shekarar wasa ɗaya tak ta ci cikin 12. Ya tafi da 'ya'yansa biyu, Shedeur da Shilo, suna buga wasa a ƙarƙashinsa. A 2024 ƙungiyar ta ci wasa 9.

To, ga inda labarin ya taɓa ni. A Afrilun 2025 manyan ƙungiyoyi suka zauna zaɓar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Masana da yawa sun ce a zagayen farko za a ɗauki Shedeur. Ina! Sai da aka zaɓi mutum 143 kafin Cleveland Browns ta kira sunansa, a zagaye na biyar. Uban yana nan, da sunansa da kuɗinsa, amma a ranar ba shi da ta cewa.

Mu 'yan kasuwa da ke zaune a ƙasar wasu mun san wannan. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai mu ajiye yaro a shagonmu, dillalai na ba shi bashi saboda mu, kwastomomi na haƙuri da shi saboda mu. Ranar da muka koma gida, ko ƙasa ta rufe mana ido, wa zai ba shi kaya da sunansa shi kaɗai?

Ni dai na yanke shawara. Bayan salla zan tura nawa wajen wani abokina a wata kasuwar, ya yi shekara guda a inda ba a san ni ba. Uwarsa ba ta so, amma ta gane.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.