Tashin dare: Yadda rashin tsaro ke hana makiyaya duba masauki a Tambuwal da Kebbe

A al'adar Fulani makiyaya, iyali ba sa tashi sai wani ya riga su zuwa duba wuri. Akwai ruwa da ciyawa? Burtali a buɗe yake? Sai ya gaida mai gari, sannan mata su kwance bukkoki.

A Tambuwal da Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato, wannan tsari na fuskantar barazana. Kebbe na iyaka da Zamfara, kuma jin motsin ɓarayin shanu kaɗai kan tayar da ruga cikin dare.

Mai gudu ba ya zaɓen masauki. Idan gari ya waye shanu na bakin gonar da ba a girbe ba, rikici ya samu ƙofa.

Tun 1965 Arewa ke da dokar keɓe wuraren kiwo, amma gonaki sun cinye burtali da dama. Kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024 ba zai wadatar ba, sai hakimai da arɗo-arɗo sun ware masaukan gaggawa kafin kaka.