ZANCEN GIDA: Nawa isansi yake ci a gidanka?

A wannan wata za mu yi zance bisa isansi, wato man fetur, da kuɗin da yake ci a gidajenmu.

Da farko mu tuna inda man yake fitowa. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ a jihar Damagaram. Ɗanyen mai daga Agadem yake zuwa, cikin jihar Diffa. An gina matatar don ta tace ganga 20,000 a rana. Kamfanin gwamnati SONIDEP shi ke rarraba man. Mutanen bakin iyaka kuwa, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa da Magarya, sun daɗe suna sayen man ƴan ruwa-ruwa mai shigowa daga Najeriya da araha. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a can. Cikin ƴan kwanaki farashi ya ninka fiye da biyu, araha ta ƙare. A watan Yuli 2024 gwamnatinmu ta rage kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. A watan Maris 2025 kuma aka yi ƙarancin mai, mutane suka wuni kan layi.

To, mu yi lissafi da farashin 2024. Lita guda dala ɗari ce ba tamma guda. Wanda motonsa ke shan lita guda kullum, a wata ya kashe jika 15. Kuɗin lita ɗaya ne ga kowa a gidan mai, amma nauyinsa ya bambanta daga gida zuwa gida.

Babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa na Yamai ya fi kowa sayen mai da yawa, don mota gare shi. Amma samunsa na da yawa, mai ba ya taɓa abincin gidansa. Ƙaramin ma'aikaci fa? Mu ɗauka albashinsa jika 42 ne. Jika 15 ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan albashi.

Ɗan kabu-kabu na Maraɗi ko Damagaram, mai shi ne jarinsa. Kafin ya kai ma iyali ko dala, sai ya fid da kuɗin mai, ya fid da na mai moto in ba tasa ba ce. Abin da ya saura shi ne cefane.

Mai noman rani, kamar masu albasa a Galmi ko masu lambu a gulbin Maraɗi, nasa nauyin a kan injin ban ruwa yake. Wata da watanni yana zuba mai, ba ya ganin kuɗi sai ya kwashe amfani. Da yawa bashi suke ci su sayi man. In an zo girbi kasuwa ta faɗi, inji ya cinye riba.

Makiyayi ya sayi moto don neman makiyaya da rijiya da zuwa kasuwa. Ta rage masa wahala, gaskiya ne. Amma raƙumi da jaki abin da ƙasa ta fid da suke ci, moto kuwa sai kuɗi hannu. A daji babu gidan mai, sai na kwalba, shi kuwa ya fi tsada. In aljihu ya ƙare, akuya ce ke tafiya kasuwa.

Sai gidan da babu moto, babu inji. Kada su ce babu ruwansu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Matar da ta kai tiyar hatsi injin niƙa ta biya kuɗin mai. Wanda ya hau mota zuwa likita ya biya. Gishiri da sukari da sabulu duk a mota suka zo ƙauye, kuɗin man yana cikin farashinsu. Wannan nauyi mata da talakawa suka fi ɗauka, ba su kuwa taɓa ganin litar da ido ba.

Ga shawararmu. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, yau ga amfanin alƙalami. Ku sami ɗan littafi, ku ja layi a tsakiyar shafi. Gefe guda ku rubuta "man nema", wato wanda zai maido kuɗi: ban ruwa, kabu-kabu, kai kaya kasuwa. Ɗaya gefen ku rubuta "man yawo": hira, biki, zagayen samari. Duk litar da aka saya a rubuta ta da ranarta. Ƙarshen wata a haɗa. Da yayyafi kogi kan cika.

Mai lambu ya rubuta man da inji ya sha tun daga dashe har girbi, ya fid da shi kafin ya ce ya ci riba. Ya yi ban ruwa da sassafe ko da marece, don rana ba ta shanye ruwan ba. Ya toshe tiyo mai yoyo. Waɗanda lambunansu ke kusa su yi shawarar haɗa kuɗi su sayi inji mai aiki da hasken rana. Sayensa da tsada, amma ba ya neman lita.

Mai moto ya duba iskar taya, ya canja man inji kan lokaci. Maƙwabta su haɗa tafiyar ranar kasuwa. Inda amalanke za ta iya kai kaya, a bar ta ta kai. Maigida kuma ya zauna da uwargida su duba littafin tare, don ita ta san abin da ke fita daga rumbu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya ba mu wadata da lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.