Billy Lee Riley da Faifan da Aka Danne

A wani ɗan ɗakin ɗaukar waƙa mai lamba 706 a titin Union na birnin Memphis da ke Amurka, Sam Phillips ya fito da Elvis Presley da Johnny Cash da Carl Perkins da Jerry Lee Lewis. Waɗannan duniya ta haddace sunayensu. Yau ina so in tsaya wa wanda ya yi aiki a ɗaki ɗaya da su, wanda a kunnena bai gaza su da komai ba, amma aka bar shi a baya: Billy Lee Riley.

An haife shi a 1933 a garin Pocahontas na jihar Arkansas. Mahaifinsa talaka ne mai noma gonar wani, a raba amfani da mai gona. A cikin gonakin auduga, wurin baƙar fata 'yan ƙodago, Riley ya koyi kaɗa jita. Shi ya sa da aka zo haɗa kiɗan buluz na baƙaƙe da kiɗan kantiri na fararen ƙauye, abin da aka sa wa suna rokabili, shi ba kwaikwayo ya yi ba. Da abin ya tashi. Muryarsa ma a dakushe take, mai ƙaiƙayi, ta fi kusa da ta Little Richard fiye da ta Elvis.

A 1957 ya fitar da faifai biyu a kamfanin Phillips, wato Sun Records, "Flyin' Saucers Rock and Roll" da "Red Hot". Ƙungiyarsa, Little Green Men, tana da Roland Janes a jita da Jimmy Van Eaton a ganga, kuma wanda ya danna fiyano a faifan farko Jerry Lee Lewis ne, tun sunansa bai fito ba. "Red Hot" ta fara kama hanya sai ga "Great Balls of Fire" ta Lewis. Phillips ya juya duk ƙarfin tallarsa kan Lewis, waƙar Riley ta kwanta. Har ya tsufa Riley bai daina ba da wannan labari da ɗaci ba.

Na san hanzarin Phillips, kuma ba ƙarya ba ne. Ƙaramin kamfani sai ya biya kuɗin buga faifai tun kafin dillalai su biya shi, kuma wannan matsin ne ya sa ya sayar wa kamfanin RCA kwantiragin Elvis a 1955 kan dala 35,000. Ba shi da ƙarfin ɗaukar tauraro biyu a lokaci guda. To amma abin da ba na yafewa shi ne, Riley da mutanensa su ne hannun da ke bayan faifai masu yawa na Sun. Janes da Van Eaton su suka yi kiɗan "Whole Lotta Shakin' Goin' On" da ta ɗaga Lewis. An ci gumin makaɗan, an hana jagoransu tashi. Mu ma nan kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan mai kalangunsa?

Adalci ya sa in ƙara da cewa akwai wanda aka fi mantawa: "Red Hot" waƙar Billy Emerson ce, baƙar fata, wanda ya fara rera ta a Sun a 1955.

Riley bai zauna kuka ba. Shi da Janes suka kafa Rita Records, suka fitar da "Mountain of Love" ta Harold Dorman a 1960, ta kuwa karɓu. Ya koma Los Angeles yana yi wa wasu kiɗa, sannan ya dawo Arkansas ya kama aikin gini. Sai da Robert Gordon da Link Wray suka sake rera waƙoƙinsa a ƙarshen shekarun 1970 aka tuna yana raye, Turai ta riƙa gayyatarsa. Ciwon daji ya ɗauke shi a Jonesboro a 2009.

A 2015 Bob Dylan ya tsaya gaban manyan masana'antar waƙa ya koka cewa ba a sa Riley a zauren karrama gwarazan rok ba. Ina tare da Dylan, kuma ina ƙarawa: idan za a sa shi, a haɗa da Janes da Van Eaton.