Tafiya Da Mai Juna Biyu: Wane Ne Madugu?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, kwanan baya wani ɗan ƙanena, mai fataucin wake da goro, ya zo gaishe ni shi da mai ɗakinsa da 'yar ɗiyarsu. Da ta shiga cikin gida wajen mata, muka zauna a zaure ni da shi, sai ya ɗauko mini labarin shekara guda cur da suka yi ba su taka Zuru ba, daga Disamba ta 2023 zuwa Disamba ta 2024, wadda cikinta ne aka ɗauki cikin yarinyar nan aka kuma haife ta. Da ya ƙare sai ya ce, "Baba, ka gaya mini gaskiya, laifi na yi?" Su biyu sun yarda in ba da amsa a nan, ba tare da ambaton suna ba, domin ba su kaɗai ne ke cikin wannan hali ba.

Ga yadda abin ya faru. Watansu huɗu da aure lokacin tafiya ya zo. Mahaifiyarsa ta rasu da daɗewa. Iyayen yarinyar kuwa mutanen wani ƙauye ne cikin ƙasar Wasagu, 'yan fashin daji sun tashe su, dangi sun watse, tsofaffin suna cikin ɗakin haya guda tare da jikoki. Ya duba bai ga inda zai bar amarya ba, sai ya ce ta ɗaura kayanta. Suka bi ta Rijau da Kontagora da Mokwa, suka ƙetare Kwara ta gadar Jabba, suka wuce Ilori, suka sauka Sabo ta Badun. Ya sayar da wake a kasuwar Bodija, ya sari goro a Shagamu, ya kai kasuwar Mariri ta Kano, ya sake juyowa kudu, ita kuwa duk inda ya sa ƙafa tana biye.

Saboda kunyar cikin fari ba ta gaya masa kome ba sai da ya kusa wata uku. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris 2024, tsakiyar zafin bazara, ta yi ta azumi cikin mota har ran da jiri ya kayar da ita a wata tasha. Sau ɗaya tak ta je awo, a Badun, katin ma aka manta da shi a masauki. Da Babbar Salla ta gabato, wadda ta kama 16 ga Yuni, ya zuba uwar kuɗinsa duka cikin raguna, yana sauri ya riski kasuwar Ikko. Ran nan cikin yana wata shida. Tsakanin Kontagora da Mokwa, da tsakar dare, zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, mara ta ɗaure. Direba ya ƙi tsayawa cikin daji, ba kuwa za a ga laifinsa ba. Da asuba suka sami wani ƙaramin asibiti. Ungozoma ta ce a kawo kati, babu. Aka auna aka tarar jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai yaron mota ne Allah ya sa jininsa ya dace, ya bayar. Raguna suka wuce a hannun wani, aka sayar da su yadda aka ga dama, ya tashi da asarar kusan rabin jarinsa. Daga nan ya mai da ita Kontagora gidan goggonta, ta zauna wata uku tana zuwa awo, Allah ya sauke ta lafiya cikin watan Mauludi, watau Satumba 2024. Sai da ta gama wanka ta yi ƙarfi, kana suka komo gida.

To, amsata gare shi ita ce: ɗaukar ta da ya yi ba laifi ba ne, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Laifinsa guda ne, ya bar kasuwa ta zama madugu. Kasuwa ce ke cewa a tashi, kasuwa ce ke cewa a kwana bisa hanya, alhali kuwa tun ran da mace ta ɗauki ciki, cikin nan shi ne madugun ayari. Shi ya kamata ya yanke ranar tashi, da tsawon tafiya, da wurin yada zango.

Na san waɗansu malamai za su kawo mini hujja, hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Za su ce Asma'u 'yar Abubakar ta yi hijira daga Makka da tsohon ciki, ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu a Ƙuba, shi ne farkon wanda aka haifa wa Muhajirai a Madina. Za su ce Asma'u 'yar Umaisu ta fita Hajjin Ban Kwana a shekara ta 10 bayan Hijira cikinta ya tsufa, ta haifi Muhammadu ɗan Abubakar a Zulhulaifa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, bai ce ta koma ba, ya umurce ta ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta ɗaura harama. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa a cikin littattafan tarihin nan guda akwai labari na uku, wanda ba a cika karanta wa mutane ba. Zainabu 'yar Manzon Allah ta fito daga Makka bayan yaƙin Badar tana da ciki, Habbaru ɗan Aswadu ya firgita raƙuminta, ta faɗi, cikin ya zube, ba ta rabu da ciwon ba har ta rasu a shekara ta 8. Wanda zai kafa hujja da biyun farko, wajibi ne ya ambaci na ukun. Sa'an nan ta farko gudun tsira da addini ta yi, ta biyu kuwa hajji ne tare da Annabi. Kai raguna Ikko kafin kasuwa ta faɗi ba ya cikin ɗayansu.

Har wa yau mu duba mazhabarmu. Cikin Risala, wadda ƙananan almajirai ke biyawa, an yardar wa mai ciki ta sha azumi idan ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, daga baya ta rama. Yarinyar nan ruhusa biyu gare ta, ta tafiya da ta ciki, amma ba wanda ya gaya mata, mijinta kuwa ya sauke Alƙur'ani a gabana. Wannan kunya tawa ce kafin ta zama tasa. Abin da ya fi wannan ma, Imamu Malik cikin Muwaɗɗa ya sanya mai ciki babi guda da majinyaci da wanda ya shiga sahun yaƙi. Ya hukunta cewa idan ciki ya cika wata shida, ba ta da ikon yin kyauta da abin da ya wuce sulusin dukiyarta, kamar mai ciwon da ake jin tsoron ajali a cikinsa. Jama'a, ku auna wannan. Macen da shari'a ta lissafa tare da mai jinya mai tsanani da mayaƙi a fagen fama, ita ce muke ɗorawa bisa babbar mota kwana biyu, a tsakanin buhuna da dabbobi? Da majinyaci ne, ko kusa ba za mu yi masa haka ba.

Fatake kuma za su ce kakanninmu sun tafi Gwanja da matansu, sun bi ta Yawuri da Borgu har Salaga sarin goro, wata da watanni, waɗansu an haife su a zango. Alhazan ƙasa ma sun ratsa Barno da Wadai da Darfur da iyalinsu, ga zuriyarsu can a Sudan har yau, musamman a garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nil, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Haka ne. Amma ayarin da tafiyar ƙafa ce, ana tashi da sassafe a sauka kafin rana ta faɗi, cikin ayari kuma akwai tsofaffin mata waɗanda suka san haihuwa. Alhajin ƙasa yakan yada zango a gari guda ya yi noma damina ɗaya ko biyu kafin ya ci gaba. Mota ba ta san wannan ba. Kuma mu 'ya'yan waɗanda suka isa ne, shi ya sa labarinsu kaɗai muka gāda. Waɗanda aka rufe a gefen hanya, ba wanda ya ƙidaya mana su.

Yanzu kuwa ana ƙidayawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Abubuwan da suka fi kashe su sanannu ne: zubar jini, da jijjiga mai zuwa daga hawan jini, da zazzaɓin bayan haihuwa, da doguwar naƙuda. Kusan dukansu ana maganinsu in an kai mace da wuri, suna kisa in an makara. Hanya kuwa ba abin da take jawowa kamar makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. A wajen awon ne ake ba da maganin rigakafin zazzaɓin sauro daga mako na 13, wata guda tsakanin sha da sha, sau 3 ko fiye, da allurar rigakafin tsinkau-tsinkau, da ƙwayoyin ƙarin jini. Zazzaɓin da ya kayar da surukata da ƙarancin jinin da ya kusa tafiya da ita, su ne ainihin abin da waɗannan magunguna ke karewa. Masu jiragen sama, waɗanda neman kuɗi ya fito da su kamar mu, yawancinsu ba sa ɗaukar mace bayan mako 36. Hukumar Alhazai ta ƙasa tana gwada mata kafin tashi, wadda aka samu da ciki a dakatar da ita. In an jinkirta wa mace rukunin Musulunci saboda ciki, ashe kasuwar Bodija ba ta fi ƙarfin jinkiri ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan'uwa fatake. Na farko, wanda lalura ta sa ya tafi da iyalinsa, ya san watan cikin kamar yadda ya san adadin buhunansa. In kunya ta hana ta faɗa, ya sa matar mai masaukinsa ta tambaya. Na biyu, katin awo ya zauna cikin aljihu guda da takardun kaya, duk garin da aka sauka a nemi asibiti a ci gaba daga inda aka tsaya. Na uku, kafin wata na shida a zaɓi zango guda, inda akwai mace 'yar'uwa da asibitin da ke iya ƙara jini, a tsaya nan. Wannan ba sabon abu ba ne, shi ne goyon ciki da iyayenmu suka gadar mana, sai dai da yake gidajen iyaye da yawa sun watse, dole miji ya nemo madadinsu da kansa. Na huɗu, a ware kuɗin haihuwa daga uwar kuɗi tun kafin a sari kaya, a kuma san wanda zai ba da jini. Na biyar, in miji zai ci gaba da tafiya shi kaɗai, ya bar izni a gaban shaidu cewa in an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi, a kai ta asibiti nan take ba sai an same shi a waya ba. Mata nawa suka cika suna jiran iznin mijin da ke can inda waya ba ta shiga?

Sarakunan Hausawa da masu masauki na Sabo ta Badun da Shagamu da Agege, ku ma da naku. Kuna ajiye wa baƙo kayansa, kuna tsaya masa wajen bashi, to, ku sa matanku su tsaya wa matarsa, su nuna mata ƙofar asibiti. Malamai kuwa, mu da muke karanta aya ta 14 ta Suratu Luƙman kowace shekara wajen tafsiri muna ba da labarin wahalar uwa, mu ƙara da gaya wa mazaje abin da ke wuyansu tun uwar tana ɗauke da cikin. Kada mu bar mutane suna tsammani tawakkali shi ne barin sababi. Wanda ke tofa addu'a ga kayansa sa'an nan ya ɗaure su da igiya uku, ya san ba haka ba ne.

Ɗan ƙanena ya ce mini ya ga garuruwa cikin shekarar nan, ya koyi Yarabanci, ya san hannun goro, ita ma ta ga teku da idonta, har yau tana ba mata labari. Na ce madalla, tafiya mabuɗin ilmi. Na tambaye shi asarar ragunan fa? Ya ce ya mai da ita cikin wata goma sha huɗu. Na ce, "To, ɗana, da ɗayar asarar ce ta same ka a daren Mokwa, cikin wata nawa za ka mai da ita?" Bai amsa ba. Can sai yarinyar ta fito daga cikin gida ta kama gefen rigarsa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, ya mai da mutanenmu da aka tasa garuruwansu cikin aminci. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure malamai su gyara mini a wannan fili. Haza wassalam.